Ranar Sunan Jikar Tasalla

Tun da aka kawo talabijin mai ƙaga wa kowa shirinsa, wanda ba ya ƙarewa, Tasalla ta daina kukan rasuwar mijinta. Hawan jininta ya sauka, har likita ya yaba. Sai dai wata bakwai ke nan ba ta taka ƙofar gida ba.

Ranar sunan jikarta, ƙanwarta Kuluwa ta shigo da hantsi, ta same ta da zanen jiya, koko ya huce a gabanta.

"Yaya, 'yarki Rakiya na can tana ta leƙen hanya. Ki tashi ki shirya mana."

"Bari wannan ya ƙare."

"Ranar haihuwar ma haka kika ce. Ni na gaji da ƙirƙiro miki ciwon ƙafa a gaban surukai."

Kuluwa ta nufi bango za ta kashe wutar, sai ta tsaya. A cikin talabijin, wata mai kama da Rakiya ce zaune tsakiyar 'yan suna, tana miƙo jaririya.

Tasalla ta buɗe hannuwa tana murmushi.

"Je ki kawai, Kuluwa. Ni ga shi an miƙo mini ita."