Tabon Hannun Mama

"An yi miki kaciya?" in ji malamar awo.

"An yi," mai cikin ta amsa da alfahari. "'Yata ma za a yi mata. Gado ne."

Malamar ta duba ta, ta sake dubawa. "Baiwar Allah, ai aska ba ta taɓa jikinki ba."

Mai cikin ta waiwayi mahaifiyarta da ke zaune bakin ƙofa, riƙe da katin asibiti.

"Mama?"

"Jini dangin babanki suke jiran gani a tsumma," tsohuwar ta ce a hankali. "Ni kuwa na ba su."

Ta buɗe tafin hannunta. Ga doguwar tsagar nan, wadda shekara ashirin da biyar ake ɗora wa wuƙar yankan albasa laifinta.