Kafaɗar Tavion Ruffin

Orval Pettaway ya tsaya a ƙofar zauren coci da hula a hannu. Ba wanda ya ce masa ya zauna.

A wannan yanki na jihar Ohio kowa ya san muryarsa. Ya tsufa a gidan rediyon gari yana maganar ƙwallonmu na Amurka, na hular kwano da bangaza. Duk watan Afrilu aikinsa ɗaya ne. Manyan ƙungiyoyi talatin da biyu za su ɗauki 'yan wasa daga jami'a, bi da bi, kowace ƙungiya yaro ɗaya a zagayen farko, shi kuma sai ya faɗi wanda kowace za ta ɗauka tun kafin ranar. Yaron da aka kira a wannan zagaye ya haye, shi da danginsa.

Bana akwai ɗan unguwa a ciki. Tavion Ruffin, mai jefa ƙwallo, wanda Orval ya sani tun yana ɗaukar wa manya gorar ruwa. Duk masu hasashe sun sa shi na shida, a wata ƙungiya can bakin tekun yamma. Orval ma haka ya sa.

Sai aka kawo masa magana. Wai kafaɗar yaron ta dama tana gocewa, ana ɓoyewa ne. Bai nemi likita ba. Bai kira yaron ba. Bakin da ya faɗa masa ba bakin da zai yi wa Tavion sharri ba ne, don haka ya yarda. Washegari ya faɗa a rediyo, ya ce majiya ce mai tushe, ya sauko da shi zuwa na ashirin da bakwai, inda ƙungiyar birnin da ke kusa da mu za ta yi nata zaɓen. Kafin azahar manyan gidajen talabijin sun ɗauka.

Tun daga ranar bai ƙara cin abinci da daɗi ba.

Yau Alhamis, ranar zaɓe. An kafa babbar talabijin a zauren, an jera tebura, an soya kifi da kaji. Da son ransa ne da bai zo ba. Odessa, uwar yaron, ita ta matsa masa. Mijinta ya rasu bara, Tavion kaɗai ta haifa, kuma Orval bai iya ce mata a'a ba.

"Ga likitan rediyo nan ya iso," in ji Cleon, ƙanen Odessa. "Ka zo da abin awon kafaɗar, ko daga gida kake gani?"

Aka yi dariya mara daɗi. Cleon ya matso ya tambaye shi wa ya ba shi labarin. Shi dai yana zargin tsohuwar budurwar yaron, in ba ita ba to wakilin wani ɗan wasan da ke son gurbin na shida. Orval ya ce bai taɓa ba da sunan majiya ba, ba kuma yau zai fara ba. Odessa ce ta raba su. Ta ja masa kujera, ta cika masa faranti da hannunta.

Aka fara kiran suna. Da aka zo na shida zauren ya yi tsit. Aka kira wani yaro daban. Mata suka dafe kai, Cleon ya buga tebur. Odessa tana can tana yanka kek, ba ta ko ɗago ba.

Na goma ya wuce. Na sha biyar ya wuce. Wayar Tavion tana kan tebur a gabansa yana jiran kiran wata ƙungiya, ba ta yi ƙara ba. Ya cire sabuwar kwat ɗinsa ya rataye a bayan kujera. Can ya taso ya zo wajen Orval. Bai ɗaga murya ba.

"Baba Orval, kai ka fara faɗin sunana a rediyo ina ɗan sakandare. Da ka kira ni kawai ka tambaye ni."

Orval ya kalli farantinsa. 

Da aka zo na ashirin da shida, Odessa ta kwance ɗamarar girkinta. Ta gyara gashinta, ta zo ta zauna kusa da ɗanta, ta riƙe hannunsa. Orval ya kafa wa talabijin ido. In ƙungiyar gida ta ɗauke shi, ɓarnar za ta zo da sauƙi. Tafiyar awa ɗaya ce a mota, kuma zagayen farko ne dai.

Aka zo na ashirin da bakwai. Ƙungiyar gida ta ɗauki mai jefa ƙwallo, amma na wata jiha. Mai sharhi a talabijin ya ce sun so ɗan gida ƙwarai, maganar kafaɗar ce ta tsorata su.

Sauran biyar suka wuce babu sunansa. Mutane suka fara tattara kujeru, kowa na kauce wa idon kowa. Tavion ya fita ta ƙofar baya, Cleon ya bi shi.

Orval ya ɗauki farantinsa da bai taɓa ba ya kai ɗakin girki. Odessa tana tsaye a gaban famfo, ruwa na zuba, ba abin da take wankewa. Ya ce mata laifinsa ne, ko da maganar gaskiya ce bai kamata ta fito daga bakinsa ba. Ya ce gobe akwai zagaye na biyu, kuma likitoci suna gyara kafaɗa yanzu.

Ta kashe famfon. Ta tura ƙofa ta rufe.

"Babu abin da za a gyara, Orval. Lafiyar kafaɗar ƙalau. Ƙarya na shirya maka, don kada su kai min shi can bakin teku."