Ɗingishin Ƙafar Gaba

"Ba karaya, ba ƙaya, ba kumburi," in ji likitar dabbobi, tana sauke ɗan karen 'yata daga kan tebur. Kwana uku ke nan yana ɗingisa ƙafar gaba, yarinyar kuwa ta daina cin abinci saboda damuwa.

Ni dai tuƙi ne ya kawo ni, na rako ta ita da uwarta. Tun ranar da karen ya shigo gidana na bugi ƙirji na ce ko da sanda ba zan taɓa shi ba.

"Maigida, ɗan ba mu wuri," in ji likitar.

Na fita. Ta taga na hango shi yana zagaye ɗakin a guje, ƙafa huɗu garau. Ina dawowa ya ɗage ta gaban, ya langaɓe kai, ya zuba mini ido.

"Wa ke ɗaukarsa in ya yi haka?" in ji likitar.

"Ba dai Baba ba," in ji 'yata.

Sai matata ta matso kusa da ni. Hannu kawai ta miƙo tana tsince farin gashin kare daga gaban rigata, ɗaya bayan ɗaya.

Ni na rungumo shi zuwa mota. Ai majinyaci ne.