Gyaran Bobbo Ba Tabo

Kwana tara fanel ɗin Ya'u mai gidan gem, inda yara ke wasan bidiyo, yana hannun Injiniya Bobbo, abin da ba a taɓa yi ba a Ikara.

Fanel shi ne koren allon nan mai tarin ƙananan ƙafafu da ke cikin akwatin gem. In ya mutu, sai yara su yi tsaye suna kallon baƙin gilashi. Akwatunan shida ne, duk iri ɗaya, na wasu 'yan dambe biyu masu tsalle suna haurin juna. Bobbo ne ya kwaso su daga Kano tun gemunsa na baƙi, ya sayar da biyu a Ikara, uku a Makarfi, ɗaya a Kudan. Shekara talatin kuma shi kaɗai ke gyara su.

Yana da ƙa'ida. Ba ya gyara a gaban mutane, wai ido yana tsorata wuta. Sai ya naɗe fanel a tawul, ya tafi da shi gida, gobe da hantsi ya dawo da shi yana aiki. Ba ka ganin ɗigon dalma ko ɗaya, ba ƙuna, ba waya a karkace. Magidanta masu jikoki sai su ɗaga allon a rana suna jinjina kai: kamar yau ya fito daga kamfani. Sunayen gwanayen da suka fi maki ne kawai ke gogewa, shi kuwa ya ce ai wanka ya yi masa.

Rediyo ba ya taɓawa, waya ba ya taɓawa, wai ƙaramin aiki ne. Ƙarfen narka dalmarsa na rataye a shago yana ƙyalli, aka ce tsafta. Da haka dai aka ba shi Injiniya, ake matsa masa a benci, ake kiransa raba gardama ko a kan injin ban-ruwa ne. Bai da gona mai yawa, bai da sarauta. Sunan nan shi ne duk abin da ya tara.

To, wannan karon gobe ta ƙi zuwa. Ranar farko ya ce dalmar yanzu jabu ce. Rana ta uku ya ce idonsa na ruwa. Rana ta shida ya ce ba a kawo wuta ba, alhali maƙwabcinsa na guga.

Salla saura kwana huɗu, Ya'u ya tare shi a bakin masallaci, cikin jama'a.

"Baba Injiniya, Allah ya ƙara girma. In abin ya yi nauyi a ba ni kayana in kai wa yarinyar nan ta Makarfi."

Yarinyar ita ce Naja'atu, bazawara mai 'ya'ya uku, mai rumfar gyaran waya a bakin tasha. Ba wanda ya koya mata. A wayar mijinta marigayi ta fara, ta ƙona ta, ta tashe ta.

Bobbo ya yi dariya har da riƙe hula.

"Mai wanke waya da fetur da buroshin haƙori? Ya'u, jibi da hantsi ka zo."

Washegari aka gan shi a bayan acaɓa ya ɗauki hanyar Makarfi, da kaya ɗaure a baya. Ya ce masara zai kai niƙa. Ba wanda ya tambaye shi me ya sami injinan Ikara.

Jibin ya cika alkawari. Aka sa fanel, aka kunna, 'yan dambe suka yi tsalle. Har sunayen gwanaye na nan, ba wanda ya goge. Yara suka rufe akwatin.

Manya kuwa ba gilashi suke kallo ba. Ya'u ya buɗe bayan akwatin, suka leƙa. Dalma ƙulu-ƙulu a wuri bakwai. Wata jar waya ta tsallake daga wannan kusurwa zuwa waccan. An ciro wani ɗan gwangwani daga tsohuwar rediyo an dasa, an liƙe shi da gam, ga warin fetur.

Kafin la'asar Ikara ta yanke hukunci: hannu ya fara rawa, Bobbo ya ƙare. Masu matsa masa a benci suka ƙara baje riguna. Wani ya kira shi Malam Bobbo, ba Injiniya, ya kuma amsa. Akwatin dai na ta aiki, amma wannan bai dami kowa ba. Su kyan gani suka saba biya.

Bayan Salla Ya'u ya ciro fanel ya kai Makarfi, ya shimfiɗa wa Naja'atu a kan tebur.

"Dubi ƙazanta, don Allah. Ko ke ba za ki yi wannan ba. Warware shi ki yi mini mai tsafta, irin nasa na da."

Ta juya allon, ta ɗora mitar gwajin wuta a wuri biyu, ta tura masa abinsa.

"Malam Ya'u, yana aiki?"

"Yana yi."

"To mayar. Irin nasa na da kam ban iya ba, kuma ya ƙare a kasuwa."

Ya'u ya tafi yana cewa yaran yanzu ba zuciyar koyo. Ta bi shi da ido har ya hau mota, sannan ta sa ƙafa ta ƙara tura ladan shirunta da Bobbo ya kawo mata ƙarƙashin tebur: matattun fanel ashirin da uku iri ɗaya, kowanne a ledar sabon da aka musanya shi da shi, ba ko ɗaya da ƙarfen dalma ya taɓa taɓawa, gyaran Bobbo na shekara talatin cif.