Dutsen da Ya Riƙa Guje wa Tela

To, Alhaji Tanimu, ajiye wayar nan tukuna ka dubi allo. Likita ya ce kada takunka ya gaza dubu biyar a yini. Tsakanin gida da masallaci da shago kana samun dubu biyu, ka cire su, saura dubu uku ko abin da ya fi haka. Shi ya sa na ja wannan layi, na sa sifili a hagu, na zo kan dubu uku na yi ɗigo na cike shi baƙi ƙirin, don ita kanta dubu ukun ta wadatar. Da cewa ya yi sai ka haura dubu biyar, da na bar cikin ɗigon fayau. Kibiyar da ta miƙe dama kuwa gyara ce, irin wadda mai ƙosai ke ƙara maka. Ka ci lissafi, ban musa ba. Amma yadda na ga kana lallaɓa wayar nan kamar jariri, bari in ba ka wani misali, don ni har yau in na tuna shi sai tsigar jikina ta tashi.

An yi wani tela, mutum mai son ƙa'ida, wanda zaman keken ɗinki ya tara masa hawan jini. Likita ya ɗora masa irin wannan taku naka, ya yi lissafinsa daidai, shi ma dubu uku suka rage masa. Sai ya mai da hanyar fadama layinsa, ƙofar gidansa ita ce sifili. Ya yi ta tafiya har wayar aljihunsa ta yi ƙara, alamar dubu uku sun cika. Nan ya sami wani dutse kamar girman kan mutum, ya shafe shi da gawayi, ya girke a gefen hanya. Kullum da hantsi sai ya je ya taɓa shi da ƙafa ya juyo, dawowar ta zama gyara. Haka ya yi har damina ta wuce. Ran nan waya ta yi ƙara, ya ɗaga kai, sai ga dutse can gabansa, bai kai gare shi ba. Ya ce aikin makiyaya ne. Da mako ya zagayo, tazarar ta ƙaru. Kafin a gama girbi, in wayar ta yi ƙara sai dai ya hango wani ɗan baƙi can nesa, hanya tsit, babu mutum babu dabba, ya tsaya yana kallon dutsen yana jin kamar shi ma kallonsa yake yi. Tsoro ya kama shi sosai. Ya faɗa a majalisa cewa dutsensa tafiya yake, wasu suka yi dariya, wasu suka ce mutanen ɓoye ba sa son a yi musu alama a hanyarsu. Ya nemi tofi, ya turara hayaƙi, dutse dai bai fasa nisa ba.

Matarsa ce ta lura da wani abu wajen shara. Sawunsa a tsakar gida ya daina fitowa ɗaya bayan ɗaya, ya koma layi biyu kamar an ja buhu. Ta ce, "Malam, ƙafarka fa ba ta ɗaguwa, mu koma asibiti." Ya zaro waya ya nuna mata, ya ce, "Ke dai! Ga shi nan, ko yini ɗaya ban gaza ba." Kuma wallahi gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ba ni tausayi ke nan. Sannu a hankali dubu ukun suka riƙa cika masa a gidan ƙarshe na gari, daga baya a bakin injin niƙa na unguwarsu. Har ya fara jin daɗi, wai aljanu su riƙe dutsensu, shi dai ya cika umarnin likita. Wata safiya wayar ta yi ƙararta a aljihun telan, yana kwance a bakin lungu, rai ya yi halinsa. Da masu makara suka bi hanyar fadama da shi, suka tarar da dutsen ya nutse a ƙasa, ciyawa ta kewaye shi, gara ta yi gini a jikinsa. Ko motsi bai taɓa yi ba. Takun telan ne ya riƙa gajarcewa, ciwo na cinsa, ita kuwa waya taku take ƙirgawa, ba ruwanta da tsawonsa. Suka wuce dutsen da shi a kafaɗa.

Saboda haka, Alhaji, ka ja layinka, ka cike ɗigonka, ka yi tafiyarka, lissafin nan ba ƙarya a cikinsa. Amma ranar da Hajiya ta dube ka ta ce tafiyarka ta sauya, kada ka zaro mata waya, ka sa hula ku tafi wurin likita. Hausawa suka ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.