Reshen Ɗinya a Kan Igiyar Shanya

Auta mai wanki da guga ne, kuma a duniya ba abin da ya tsana kamar ɗinyar yayansa. Gidan gado suke zaune, an ja katanga a tsakiya. Yaya kafinta ne, rumfar aikinsa na gefe guda, igiyoyin shanyar Auta na ɗaya gefen.

Yaya ne ya tsiro da ɗinyar daga ƙwallo a cikin gwangwani, ya dasa ta gindin katanga. Ya kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Da rani ya yi ta ɗibar mata ruwa da bokiti, ya zuba mata taki, ya rufe gindinta da garin katako don kada danshi ya gudu. Mutane suna yi masa dariya wai yana renon itacen daji kamar jariri. Shekaru suka ja, ɗinya ta yi inuwa, ta fara 'ya'ya baƙaƙe masu zaƙi.

Nan fa rigima ta tashi. Wani babban reshe ya tsallaka katanga. In ɗinya ta nuna, sai ta faɗo kan fararen kayan mutane ta bar tabo, tsuntsaye kuma su ci su ƙarasa aikin da kashinsu. Ranar da wani mai kawo wanki ya kwashe kayansa ya ce ba zai dawo ba, Auta ya hau dokin zuciya ya je rumfar Yaya.

"Ka sare wannan tsiyar, ta kashe mini sana'a!"

"Auta, ka yi magana da ladabi. Reshen ne matsala, bari ta gama 'ya'ya in shigo in rage shi."

"Ba reshe na ce ba. Daga tushe!"

"To, sai dai ka mutu da haushi," in ji Yaya, ya ci gaba da goge katakonsa.

Shi ma Yaya bakinsa bai iya lallashi ba, gaskiya. Amma abin da Auta ya yi ya wuce faɗan baki. Wata rana da Yaya ya tafi sayen katako, Auta ya zagaya da adda ya ɓare ɓawon itacen zagaye guda, can ƙasa inda tulin garin katako zai rufe. Itace kuwa ta ɓawonsa yake rayuwa, in aka yanke shi zagaye an gama da shi. Matarsa ta gan shi yana wanke addar.

"Baban yara, ka ji tsoron Allah. Mu matsar da igiya mana, ga fili can."

"In matsar? A gidan ubana? Ke ma kin koma bayansa ke nan."

Ganye ya yi ta kaɗewa, har ɗinya ta bushe ƙayau a tsaye. Da Yaya ya tone gindin ya ga sara, bai tambayi kowa ba. Ya daɗe tsugune a wurin, idonsa ya yi ja. Daga ranar ko gaisuwa ta yanke, aka hana yara shiga gidajen juna. Auta kuwa har fito yake yi in yana shanya.

Da damina ta matso, Yaya ya danne zuciyarsa ya leƙo ta kan katanga.

"Wannan reshen ya bushe, gara ta ci shi. Buɗe mini ƙofa in shigo da tsani in sauke shi."

"Ƙafarka ba za ta taka gefena ba."

"Auta, sana'ata ce katako. Zai faɗo."

"Ya faɗo mana! Ina ruwanka?"

Matar ta roƙa har ta gaji, Auta ya yi kunnen uwar shegu da ita. Shi a ganinsa buɗe ƙofar nan faɗuwa ce a gaban Yaya.

Wata la'asar hadari ya haɗo da iska mai ƙarfi. Auta yana ɗaki yana guga, ya ƙwala wa matarsa kira ta kwashe shanya kafin ruwa ya sauko. Ta fita da gudu. Yana jin ƙarar karyewar itace, sai ihu ɗaya, sai shiru.

Ya fito ya tarar da ita a ƙasa, reshen ya danne mata baya, fararen kaya sun watse cikin turɓaya. Shi kaɗai ya kasa ɗaga shi. Yaya ne ya haura katanga da zarto, suka janyo ta tare ba wanda ya kalli wani.

A asibiti likita ya ce ƙashin baya ya karye, da wuya ta sake takawa. Auta ya zauna bakin gadon yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana neman gafara. Ta zuba wa rufin ɗakin ido, ta ce:

"Ai ka huta, ka ci nasara a kan Yaya. Tashi ka je, yara ba su ci abinci ba."

Ta juya fuskarta bango.

Jama'a, gaba tsakanin 'yan uwa ba ta tsayawa kan wanda aka nufa da ita. Abin da sassauci kaɗan zai gyara, kada mu bari taurin kai ya mai da shi nadamar da ba ta da magani.