Sunan Wa, Yatsan Ƙane

Na ga makin ɗalibanka da ka nuna mini a kwamfuta, malam, duk kore shar babu ja ko ɗaya. Allah ya ƙara basira. Amma ja kujera ka ji labarin wani malami, don shi ma irin wannan koren ya gani.

A wani garin manoman albasa ne a ƙasar Nijar. Mutanen sun iya noma, ajiya ce ta gagare su. Kowace shekara sai su cika rudu, wato rumbun karan da ake adana albasa, kafin kasuwa ta yi kyau kusan rabi ta ruɓe. Sai wata makarantar aikin gona a Gana ta ba ƙungiyarsu gurbi ɗaya tak, mutum guda ya je ya koyo dabarar ajiya ya dawo ya koya wa saura. Sharaɗin shi ne ya ji Ingilishi, kuma da baki za a gwada shi. Ƙungiya ta ɗauko malami, ya riƙa tara magidanta ashirin a rumfa bayan la'asar. Malamin ba rago ba ne, ya kuma san intanet ciki da bai. Ya samo wata manhaja da ke jefo tambaya da amsoshi huɗu, ka taɓa wadda ka zaɓa, nan take maki ya faɗo cikin kwamfutarsa. Wayoyi goma ne a ajin, don haka ya haɗa su biyu-biyu, ya ce a yi karɓa-karɓa, kowa ya rubuta sunansa idan layi ya zo kansa. In an tashi sai ya karanto sunaye daga na ɗaya har na ƙarshe, a yi tafi.

A cikinsu akwai wa da ƙane, waya ɗaya gare su. Wan dattijo ne, kaf garin babu wanda ya kai shi sanin albasa, amma Ingilishi ya ƙi zama a kansa. Ƙanen kuwa magidanci ne da ya yi shekaru yana raka motocin albasa zuwa Kumasi, kunnensa ya saba da harshen. Ranar farko sunan ƙane ya zo na ɗaya, na wa ya zo na ƙarshe, aka kwashe da dariya a rumfar. Dattijon ya dai gyara zaman hularsa. Ƙanen ne abin ya ci wa rai, don a gidansu ko tuwo ba ya sa hannu kafin wansa ya sa. Daga ranar, in layi ya zo kan wa, sai ƙane ya sauke wayar tsakanin gwiwoyinsu ya riƙa taɓa masa amsa. In nasa layin ya zo, sai ya ɓata biyu ko uku da gangan, don kada sunansa ya hau kan na babba. 'Yan ajin duk sun gani, suka yaba da ladabinsa, suka ja bakinsu suka yi shiru. Malam kaɗai ne bai gani ba. Idonsa na kan kwamfuta, yana murna tsoho ya waye.

Bayan wata huɗu aka ce a turo suna. Malam ya duba jerinsa ya tura na dattijon. Shi dattijon ya san gaskiya, kunya ta hana shi tona kansa. Ƙanen ma ya sani, amma ya ga in ya yi magana ya kwance wa wansa zani a kasuwa. Kowa ya sa wa ransa Allah zai kawo mafita.

Ranar gwaji aka shigar da dattijo ɗaki shi kaɗai, da babbar rigarsa, aka zaunar da shi gaban kwamfuta. Wata malama daga makarantar ta fito a allo ta gaishe shi, ya amsa daidai, don gaisuwa kam ya haddace. Sai ta tambaye shi buhu nawa ke ruɓe masa a shekara, kuma me yake ganin ke jawo haka. Tambaya ce da babu wanda ya fi shi sanin amsarta a duk yankin. Ya duba allo yana neman amsoshin nan huɗu, babu. Ya waiga hagunsa inda ƙanensa ya saba zama, bango ya gani. Matar ta maimaita a hankali har sau uku, sannan ta yi masa godiya. Gurbin ya koma wani gari.

Da ya fito, malam ya tare shi rai a ɓace, yana nuna masa makinsa na wata huɗu, yana tambayar yadda aka yi. Dattijon ya dubi koren nan na ɗan lokaci, ya ce, "Malam, wata huɗu kana tambayar waya. Ni ba ka taɓa tambayata ba."

A shekarar ma albasar garin ta ruɓe kamar yadda ta saba, har da ta malamin, don buhu biyu aka ba shi kyauta. Manhajar ba ta yi ƙarya ba, abin da aka taɓa shi ta ƙirga. Ni ban ce ka daina amfani da taka ba. Ka dai riƙa rufe kwamfutar wani lokaci, ka tsayar da ɗalibi guda ka ji abin da zai fito daga bakinsa, tun kai ne mai tambayar. Hausawa sun riga sun faɗa: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.